Tumbi bayan shekara 40: Me ke kawo shi, yaya ake rage shi?

A shekarar 2008 ne ƙasar Japan ta fara aiki da wata doka da ta tanadi a riƙa auna ƙugun mutanen da ke tsakanin shekara 40 zuwa 74 sau ɗaya a kowace shekara.

Namijin da ƙugunsa ya kai santimita 85, ko macen da nata ya kai 90, idan gwajin jini ko awon hawan jini ya nuna alamar matsala, akan tura su wajen masu ba da shawara kan abinci da motsa jiki.

A wurare da dama, ciki har da ƙasar Hausa, tumbi alama ce ta wadata. Idan magidanci ya ajiye shi sai a ce ya samu hutu, ko kuma uwargida ta iya girki.

To sai dai likitoci na yi wa abin wani kallo dabam. A wurinsu faɗin ƙugu na daga cikin manyan alamun da ke nuna wanda ke fuskantar haɗarin ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Kitse iri biyu

Kitsen da ke cikin mutum ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke kwance a ƙarƙashin fata, wato teɓar da mutum ke iya damƙa da hannunsa. Akwai kuma wanda ke can ciki, a bayan tsokar ciki, kewaye da hanji da hanta.

Wannan na biyun shi ne ke turo ciki gaba ya yi tauri, kuma shi ne ya fi haɗari.

Dalili kuwa shi ne ba a kwance kawai yake ba. Yana sakin maiƙo da wasu sinadarai masu haddasa kumburi a cikin jini, kuma jijiyar da ke kwashe jini daga wannan wuri kai tsaye take zuba shi a hanta.

Idan hanta ta cika da maiƙo, sai jiki ya rage jin tasirin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa gaɓoɓi. Daga nan ne ciwon sukari nau'i na biyu yake samun ƙofa.

Tun a shekarar 1947 wani likita a birnin Marseille na Faransa, Jean Vague, ya lura cewa masu ƙiba a ciki sun fi fama da waɗannan cututtuka fiye da masu ƙiba a cinya da ɗuwawu.

A shekarar 2005 kuma wani bincike da ya shafi mutane kimanin 27,000 a ƙasashe 52, wanda mujallar Lancet ta wallafa, ya nuna cewa girman ƙugu idan aka gwama shi da na kwankwaso ya fi nauyin jiki nuna wanda zai iya gamuwa da bugun zuciya.

Ma'ana, mutum na iya zama ba mai ƙiba ba a ido, hannuwa da ƙafafu sirara, amma yana ɗauke da kitse mai haɗari a ciki.

Yadda ake aunawa

Ba a buƙatar zuwa asibiti domin sanin inda aka tsaya. Tef ɗin awo irin na tela ya wadatar.

Ana auna ƙugu ne a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, wato ɗan sama da cibiya, bayan an fitar da numfashi, ba tare da an tsuke ciki ba. Lambar wando ba ma'auni ba ce, domin maza da yawa a ƙarƙashin tumbi suke ɗaura shi.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, haɗari na fara ƙaruwa idan ƙugun namiji ya wuce santimita 94, wato inci 37, ko na mace ya wuce santimita 80. Yana tsananta idan na namiji ya wuce 102, na mace kuma 88.

An samo waɗannan alƙaluma ne galibi daga binciken da aka yi a kan Turawa. Shi ya sa ake amfani da wata hanya da ta fi sauƙi, wadda hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila ta amince da ita a shekarar 2022: kada ƙugun mutum ya kai rabin tsawonsa.

Mai tsawon santimita 170, alal misali, ya kamata ƙugunsa ya gaza 85. Wanda ba shi da tef zai iya auna tsawonsa da igiya, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita. Idan bakunan ba su haɗu ba, to akwai aiki a gabansa.

Laifin shekaru ne?

An daɗe ana cewa da zarar mutum ya kai shekara 40, jikinsa kan rage ƙona abinci, don haka tumbi ya zama dole.

Wani babban bincike da mujallar Science ta wallafa a shekarar 2021, ƙarƙashin jagorancin Herman Pontzer na Jami'ar Duke a Amurka, ya sanya shakku a kan wannan zance. Bayan nazarin mutane fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, masanan sun gano cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, yawan ƙarfin da jiki ke ƙonawa ba ya sauyawa sosai daga shekara 20 har zuwa 60. Sai bayan 60 ne yake fara raguwa, shi ma a hankali.

Abin da ke sauyawa shi ne yanayin rayuwa. Wanda a da yake tafiya a ƙasa, ko yake noma, ko buga ƙwallo, yanzu daga mota sai ofis ko shago, daga nan sai tabarmar majalisa, alhali kwanon abincinsa bai ragu ba, wataƙila ma ya ƙaru.

Bugu da ƙari, daga wajen shekara 30 tsokar jiki kan fara zaizayewa ga wanda ba ya aiki da ita, da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma.

Ga mata kuwa akwai ƙarin dalili. Lokacin da jinin al'ada ya ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin istirojin yana raguwa, sai kitsen da a da yake taruwa a cinya da ɗuwawu ya koma taruwa a ciki.

Gado ma na da nasa tasiri, haka nan shan giya da shan taba.

Hanyoyin da ba sa kaiwa

Abin da mutane da yawa ke fara yi shi ne atisayen ciki, wato kwanciya rigingine ana tashi zaune. Wannan yana ƙarfafa tsoka, amma ba ya narkar da kitsen da ke wurin.

A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a shekarar 2011, mutanen da suka shafe makonni shida suna irin wannan atisaye kwana biyar a mako ba su samu raguwar kitsen ciki ba. Jiki ba ya ɗibar kitse daga gaɓar da ake motsawa kaɗai. Daga ko'ina yake ɗiba.

Ɗamarar matse ciki da rigar da ke sa gumi su ma haka. Abin da ke fita ruwa ne, kuma yana dawowa da zarar an sha.

Shayi da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da sunan maganin tumbi, da yawansu gudawa ko yawan fitsari suke sawa, lamarin da kan iya illata ƙoda idan aka daɗe ana sha.

Hatta tiyatar zuƙe kitse ba ta kai ga tushen matsalar. A shekarar 2004 likitoci a Jami'ar Washington da ke St Louis sun zuƙe kimanin kilo 10 na kitse daga cikin kowace ɗaya daga mata 15. Siffarsu ta sauya, amma sukari da hawan jini da maiƙon jininsu ba su gyaru ba, domin kitsen ƙarƙashin fata kawai tiyatar ke iya cirewa.

Abinci

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne kitsen can cikin yana saurin amsawa. Idan mutum ya fara rage nauyi, kason da ke tafiya daga cikinsa yakan fi na ƙarƙashin fata. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa ya kawo sauyi a sukari da hawan jini.

Wuri na farko da masana ke cewa a duba shi ne abin sha. A shekarar 2015 hukumar WHO ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, kuma ya fi kyau a tsaya a shida.

Kwalba ɗaya ta lemon kwalba na iya ƙunsar kusan cokali tara. Idan aka haɗa da shayi mai madarar gwangwani da safe, da zoɓo ko kunun da aka zuba wa sukari da rana, an wuce ƙa'ida tun kafin a taɓa tuwo. Irin wannan damuwa ce ta sa Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021.

Na biyu shi ne mai. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori tara, alhali na hatsi huɗu ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, don haka ƙosai, da soyayyar doya, da miyar da mai ke yawo a kanta suna tara abin da ido ba ya gani.

Na uku shi ne yawan tuwo ko shinkafa a kwano. Tsarin da masana abinci suka fi bayarwa shi ne a raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama maras kitse, ragowar kuma hatsi.

Wannan ba ya buƙatar abincin kanti mai tsada. Gero, da dawa, da wake, da zogale, da rama, da alayyafo, da kuɓewa, da kabewa, duk suna da harzar da ke riƙe ciki ta kuma hana sukari hauhawa da sauri, saɓanin farin burodi, da taliya, da farar shinkafa.

Rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da likitoci ke ɗauka daidai. Horon yunwa mai tsanani yakan cinye tsoka tare da kitse, kuma da wuya a ɗore a kansa.

Motsa jiki

A ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, WHO ta ce babban mutum na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin adadin.

Ma'aunin saurin shi ne mutum ya iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga. Bincike ya nuna cewa irin wannan motsi yana rage kitsen ciki ko da sikeli bai nuna wani babban sauyi ba, shi ya sa tef ya fi sikeli faɗin gaskiya a watannin farko.

Hukumar ta kuma ce a riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Tsugunawa da miƙewa, da ture ƙasa da hannuwa, da ɗaga jarkar ruwa duk suna ciki. Wannan ne ke kare tsokar da shekaru ke zaizayewa.

Barci ma na da hannu. A wani ƙaramin gwaji da asibitin Mayo na Amurka ya wallafa a shekarar 2022, mutanen da aka taƙaita wa barci zuwa sa'o'i huɗu na tsawon makonni biyu sun ƙara cin abinci, kuma kitsen can cikinsu ya ƙaru da kimanin kashi 11 cikin 100.

Ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga wani gwaji da aka wallafa a Amurka a shekarar 2002, wanda ya ƙunshi mutane 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, masu matsakaicin shekaru 51.

An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da cutar ya ragu da kashi 58 cikin 100 a tsakaninsu. Waɗanda aka bai wa maganin metformin kuwa, kashi 31 ne. A tsakanin 'yan shekara 60 zuwa sama, sauyin abinci da motsa jikin ya rage haɗarin da kashi 71.

Akwai sabbin alluran rage ƙiba, irin su Wegovy da Amurka ta amince da shi a shekarar 2021, waɗanda ke rage nauyi sosai. Sai dai suna da tsada, likita ne ke rubuta su, kuma gwaji ya nuna cewa mafi yawan nauyin na dawowa cikin shekara guda bayan an daina.

Likitoci na gargaɗin cewa mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko wanda ke shan maganin sukari, ya tuntuɓi likita kafin ya fara atisaye mai ƙarfi ko ya rage abinci sosai.

Haka kuma ba kowane babban ciki ne tumbi ba. Cikin da ya kumbura cikin 'yan makonni, musamman tare da kumburin ƙafa, ko rama, ko ido ya yi rawaya, na iya zama taruwar ruwa sakamakon ciwon hanta, ko zuciya, ko ƙoda, ko kuma ƙari a mahaifa ga mata. Irin wannan ba abinci ko tafiya ke maganinsa ba, asibiti ya kamata a nufa.