Damisar Asiya: Ƙirar Jikinta, Halayenta da Darasinta ga Mutanen Gulbin Kaba

Duk wanda ya tashi a Tasawa ko Mayahi, a yankin Gulbin Kaba, ya ji ana yi wa damisa kirari da "ƙi sabo", amma da wuya a sami wanda ya taɓa haɗa ido da ita. Wadda matasa suka sani a yau ita ce ta cikin wayar hannu: ƙatuwar dabba mai launin ruwan goro da ratsin baƙi, tana iyo a kogi ko tana kayar da ɓauna. Wannan ba ita ce damisar kakanninmu ba. Tamu ta Afirka roɗi-roɗi ce, namijinta da wuya ya wuce kilo 90, kuma takan hau bishiya da abin da ta kashe. Mai ratsin kuwa ƴar Asiya ce, ba ta taɓa zama a dazukan Afirka ba. Ana samun ta a Indiya, Nepal, Bangaladash, gabashin Rasha, tsibirin Sumatara na Indonesiya da wasu ƙasashe kaɗan.

A duk dangin kyanwa babu wadda ta kai ta girma, har zaki ma yana bayanta. Riƙaƙƙen namiji a Indiya yakan haura kilo 200, tsawonsa daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ya kusa mita 3. Macen ba ta kai haka ba, yawanci tana tsakanin kilo 100 da 160.

Wanda yake son ya gane yadda aka ƙera jikinta ba sai ya je Indiya ba. Ya zauna da maraice a gindin rumbu ya kalli kyanwar gida tana fakon ɓera. Za ta kwantar da ciki har ya kusa taɓa ƙasa, ta ɗaga dagi ɗaya ta ajiye a hankali, ta tsaya cak in ɓeran ya ɗago kai, sai wutsiya kaɗai ke motsi. Farautar damisa ke nan, girman ne kawai ya bambanta. A kan yatsu take takawa, kuma akwai tsoka mai laushi a tafin daginta wadda ke haɗiye ƙarar tafiya. Faratanta suna ɓoye cikin kube, ba sa gogar ƙasa balle su dakushe, sai lokacin kamu take zaro su. Ƙafafun baya sun fi na gaba tsawo domin tsalle, na gaba kuma da kafaɗu su ne matattarar ƙarfi, da su take rungumar dabba ta kai ta ƙasa.

Haƙoranta 30 ne. Fiƙoƙin sama sukan kai santimita 7, su ne mafi tsawo a dangin kyanwa da ke raye. In dabbar ƙarama ce, a ƙeya take cizo ta karya wuya. In babba ce, sai ta kama maƙogwaro ta riƙe har numfashi ya ɗauke. Haƙoran gefe yanka nama suke yi, ba sa niƙa shi. Harshenta cike yake da ƴan ƙayoyi masu kallon baya, da su take kankare nama daga jikin ƙashi, da su kuma take gyara gashinta. A bayan idonta akwai wani shimfiɗi mai maido da haske, shi ya sa idon ke ƙyalli in an haska shi da tocila, shi ne kuma sirrin ganinta cikin duhu.

Mutum zai yi mamakin yadda dabba mai launin ruwan goro take ɓuya a koren daji. Amsar tana idon waɗanda take farauta. Barewa da danginta ba sa bambance ja da kore yadda mutum ke yi, don haka launin da muke hangowa daga nesa, a wurinsu ya saje da ciyawa. Ratsin baƙin kuma yana wargaza siffar jikin a tsakanin inuwar karare da ganyaye. Babu damisa biyu masu zane iri ɗaya, ko da uwarsu ɗaya. Masu ƙidaya a Indiya da wannan suke aiki: sukan ɗaure na'urar ɗaukar hoto a jikin itatuwa, su gane kowace damisa da zanenta.

A halayya ta sha bamban da zaki. Zaki na zaman garke ne, ita kuwa ita kaɗai take rayuwa. Kowace tana da yankinta, tana shata iyaka da fitsari da kartar bawon itace, kuma yankin namiji ɗaya yakan haɗe na mata biyu ko uku. Rurinta yakan kai nisan kilomita 3. Tana son ruwa ƙwarai: in rana ta take sai ta kwanta a tafki, kuma a dajin Sundarban da ke bakin teku tsakanin Indiya da Bangaladash tana ƙetare koguna da iyo. Duk da wannan ƙarfi, yawancin farautarta ba ta yin nasara, don ba ta iya dogon gudu. In ba ta matso kusa ba kafin a gan ta, ta yi asara. In ta dace, takan ja naman zuwa cikin duhuwa, ta ci kilo 20 ko fiye a zama ɗaya, ta rufe sauran da ganye, ta riƙa dawowa har ya ƙare.

Cikinta wata uku da rabi ne. Takan haifi ƴaƴa 2 zuwa 4, idonsu a rufe, kuma ita kaɗai ke rainonsu da koya musu farauta har kimanin shekara biyu. Kusan rabinsu ba sa kaiwa wannan lokaci.

In aka duba da kyau, kowane sashe na jikin nan yana jingine da abu uku: duhuwar da za ta ɓuya, namun da za ta ci, da ruwa. In aka sare daji, fiƙa da farata ba su da abin da za su tsinana mata. An ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 akwai damisar Asiya kusan 100,000. Farauta da saran daji suka cinye su, har irin na tsibiran Bali da Jaba da na yankin tekun Kasfiyan suka ƙare ƙurmus. Indiya ta farga, a 1973 gwamnatin Indira Gandhi ta kafa shiri na musamman na kare ta, aka keɓe mata dazuzzuka. Ƙidayar 2006 ta sami 1,411 kacal, ta 2022 kuwa ta kai 3,682. Tun bayan taron kare ta da aka yi a birnin San Fitasbag a 2010, ranar 29 ga Yuli ta zama ranar damisa ta duniya.

Mu ma mun ɗanɗana wannan rashi. Gonaki sun mamaye dajin da ke tsakanin garuruwanmu, manyan namun dawa sun ja da baya. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a gandun W da maƙwabtansa na Arli da Penjari. Amma mun kuma ga abin da kulawa ke yi. Raƙuman dawan Kure sun rage 49 a 1996, aka tsare su har suka haura 600, kuma a 2018 aka kai 8 daga cikinsu gandun Gadabeji, nan jihar Maradi. Manoman Maradi da Damagaram, ta hanyar sassaben zamani da ya bazu tun shekarun 1980, sun bar kututture ya tofo a gona maimakon a tumɓuke shi, har itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Damisar Asiya ba ta da wurin zama a Gulbin Kaba, kuma babu mai neman a kawo ta. Abin da ke hannunmu shi ne goriba da gawo da sabara, da dila da zomo da zabin daji da ke fakewa a cikinsu. Kira ga sarakunan gargajiya, mahalba, makiyaya da ma'aikatan gandun daji na Tasawa da Mayahi shi ne a hana saran goriba daga tushe, a daina cinna wa daji wuta, a bar dabba mai ciki da mai goyo. Malaman makaranta kuma su koya wa yara sunayen namun dajinsu tun suna nan da rai.