Bindigar filin atisaye daban, ta farautar barewa daban

A Amurka, mai sayen bindiga mai ɗura kanta yakan fara da tambayar harsashi. Irin wannan bindiga, kowane jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa, sannan ƙarfin harbin ya tofar da kwanso ya ɗora sabo.

Ɗan koyo da mai harbin zomo ko kurege sun fi rungumar Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964. Harsashinta ƙarami ne, .22, ga araha, kuma ba ta dukan kafaɗa. Mutum sai ya wuni yana saitin takarda bai gaji ba. Amma kai ta farautar barewa zalunci ne, don sau da yawa raunata dabba take yi, ta gudu ta mutu a daji. Wannan aikin Browning BAR ne, ta 1967, mai cin manyan harsasai irin .308 da .30-06, sai dai ga nauyi ga tsada.

Sai doka. Jihar Pennsylvania ba ta yarda a harbi barewa da irin waɗannan bindigogin ba. Birtaniya kuwa ta haramta masu cin manyan harsasai daga cikinsu tun 1988, bayan kisan gillar da wani ɗan bindiga ya yi a garin Hungerford, ta bar masu .22.