Kafin ka bar Ajame da dare, ka duba fitilun motarka

Duk wanda ya san birnin Abijan ya san mahaɗar Indénié, inda hanyoyin Ajame da Filato da Kokodi suka haɗu. Shekara da shekaru wurin ya yi suna wajen ambaliya, musamman daga watan Mayu zuwa Yuli lokacin da damina ke kankama. Motar da ta ratsa ruwa irin wannan takan fito tamkar lafiya lau, sai bayan 'yan makonni tsatsa ta kama mahaɗin wayoyi, fitila ta fara wasa. Ga ɗan kasuwar da zai ɗauko kaya daga Ajame ko Treichville ya kama hanyar Noé ta iyakar Gana, ko hanyar arewa zuwa Ouangolodougou cikin dare, wannan magana ce ta rai da dukiya.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, galibin matsalar fitila ba ta wuce abu uku masu araha: kwan fitila, fiyus, da wayar da ke manne da ƙarfen jikin mota, wadda masu gyara a nan ke kira "mas". Saboda haka kada a yi gaggawar yarda a sake wa mota wayoyi gaba ɗaya kafin a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Idan fitila ɗaya ce ta mutu, ɗayar na ci, to fara da kwan. Motoci da yawa na amfani da kwan H4 mai zare biyu, wat 60 na dogon haske, wat 55 na gajere, shi ya sa ɗaya kan ƙone ɗaya ya rage. Kada a taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu na rage masa kwana. Ƙananan motoci na aiki da bolt 12, manyan motocin kaya kuwa 24, don haka a duba rubutun jikin kwan kafin a biya kuɗi.

Idan kuwa biyun suka ɗauke tare, da wuya a ce kwan ne. A buɗe akwatin fiyus. Launinsa na nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. A mayar da irin wanda aka cire. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Masu naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus su sani cewa gobara suke gayyata, kuma a motar da ke cike da atamfa ko goro asarar ba ƙarama ba ce.

Sigina mai ƙyaftawa da sauri fiye da kima na nufin kwan gefen ya mutu, gaba ko baya. In an taka birki an ga sigina na dusashewa, ko fitilun baya na kamawa barkatai, to "mas" ne ya yi tsatsa; a kwance shi, a kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tam. Fitilun birki duka su ƙi kamawa alhali fiyus na da kyau, a duba makunnin da ke saman fedar birki. Motar da ke yawan cinye kwan kuma a auna cajinta: inji na aiki ya kamata a ga kusan bolt 14 a batir, in ya haura 15 laifin altaneta ne.

Ban da haɗari, akwai doka. Kamfanin SICTA na duba fitilu da saitinsu kafin ya ba mota takardar lafiya, sannan tun watan Maris na 2023 lasin tuƙi a Kodebuwa na da maki 12 da ake zaftarewa idan direba ya karya dokar hanya.

Don haka kafin a ɗaure kaya, direba ya zauna a mazauninsa, yaron mota ya zagaya yana faɗa masa: gajere, dogo, sigina, birki, ribas. A ajiye kwan da fiyus na ko-ta-kwana a cikin mota. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.