Ranar da Talakan Gumel Ya Jefa Ƙuri'a da Hannunsa

Ya ku masu karatu, ku sani haƙƙin zaɓen 'yan majalisa bai iso ƙasar Gumel a yini ɗaya ba.

A shekarar 1951, zamanin Sarkin Gumel Muhammadu, ƙasar tana cikin Lardin Kano. Mai biyan haraji a Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya zaɓen ɗan majalisa da kansa. Wakilin ƙauye yake zaɓa, wakilai su zaɓi na gunduma, haka hawa-hawa har Kano, inda ake fid da masu tafiya Majalisar Kaduna. Kafin a kai can muryar talaka ta dushe. Jam'iyyar NEPU ta yi rinjaye a matakin farko cikin birnin Kano, amma ba ta sami kujera ko ɗaya ba.

Sai ranar Asabar, 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen Majalisar Tarayya ta Ikko. Kowane namiji mai shekara 21 ya shiga ɗaki shi kaɗai, ba dagaci ba dogari, ya tarar da akwatuna da alamominsu: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Wanda bai iya boko ba ma ya san fartanya. NPC ta ci kujera 134 cikin 312. Matan Arewa kuwa sai 1976 suka sami wannan haƙƙi.

To, wanda ya sayar da ƙuri'arsa yau a kan sabulu ko taliya, a Maigatari yake ko a Gumel, ya koma 1951 da ƙafarsa, wani ne zai yi magana a madadinsa. Wassalam.