Tarakta Ƙirar Gida Mai Aiki Da Ƙarfin Mai

Manomi mai eka biyar ko goma ba ya iya sayen babbar tarakta, in kuwa ya jira ta haya, sau da yawa ba ta zuwa sai shuka ta wuce. Wannan wahala ba a nan kaɗai take ba. A jihar Misuri ta Amurka, wani masani haifaffen ƙasar Polan, Marcin Jakubowski, ya sayi tarakta, ta lalace, ya gyara, ta sāke lalacewa, har kuɗinsa suka ƙare. Sai ya ɗaura niyyar ƙera tasa. A 2008 shi da abokan aikinsa na ƙungiyar Open Source Ecology suka fito da ta fari, suka sa mata suna LifeTrac, suka kuma bayar da zanenta kyauta ga kowa.

Asirinta mai ne. Shi mai ba ya matsuwa, saboda haka in an tura shi ta bakin tiyo, ƙarfin nan yakan fita ta ɗaya bakin. Kowa ya ga yaron mota yana ɗaga lodi da jak ya ga wannan hikima. In faɗin fuskar babban fistin ya ninka na ƙarami sau 10, ƙarfi zai ninku sau 10, amma tafiyarsa za ta ragu sau 10.

Ga yadda take aiki. Inji yana juya famfo, famfo ya tura mai cikin tiyo zuwa 'yan injunan mai da ke juya ƙafafu. Ba kuloci, ba akwatin giya. Direba ya taɓa hannun bawul, mai ya sāke hanya, tarakta ta koma baya. Man nan dai shi ke ɗaga cokalin gaba na kwasar taki ko ƙasa.

Gangar jikinta kuwa bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, an huda an ɗaure da noti, domin in wani sashe ya lanƙwashe a kwance shi a sa wani. Inji da famfo da tanki an haɗa su a akwati guda, ana iya cire shi a kai wa na'urar buga bulo. Watau inji ɗaya, aiki iri-iri, damina da rani.

Amma fa akwai sharaɗi. Wani kashi na ƙarfin injin yakan salwanta ya zama zafi, don haka tilas a sa abin sanyaya mai. Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gāba, balle lokacin hunturu: a rufe bakin tanki, a riƙa sāke matata. Kada a lalubi yoyo da hannu, gama man yana iya huda fata. A kara kwali a gani. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin cokali yana sama.

To, manoma, in ƙungiyarku ta yi sha'awa, ku fara tambayar makaniki ko ana samun famfo da tiyo a kasuwa kusa, tun ba ku yanka ƙarfe ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.