Ɗalibi da Harshen Ingilishi: Neman Aiki da Hakkin Jama'a

Ya kai ɗalibi, ko a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kake, ko a jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010, ka fara koyon Ingilishi tun shekarar farko ta kwaleji. Sai dai ɗalibai da dama suna jingine shi da zarar sun ci jarrabawar bakaloriya. Ya kamata ka sake duba wannan al'amari.

Me ya sa yake da muhimmanci?

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Iyakarmu da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma takardun ciniki na Kano da Katsina da Ingilishi ake rubuta su. Mafi yawan sabon binciken kimiyya a kan noma, lafiya da ruwa, shi ma da harshen yake fitowa. Idan mutum biyu masu digiri iri ɗaya suka nemi aiki a ƙungiyar ƙasa da ƙasa ko kamfanin waje, sau da yawa harshen ne ke raba gardama.

Hakkin jama'a a kanka

Da dukiyar talakawa aka gina ajin da kake zaune a ciki, saboda haka amfanin iliminka bai tsaya ga albashinka ba. Magunguna da magungunan feshi da yawa da ke shigowa kasuwanninmu da Ingilishi aka rubuta bayaninsu. Manomin da bai gane adadin da zai zuba ba yana iya ƙone shukarsa ko ya cutar da iyalinsa. Haka nan, ma'aikacin da ke sa hannu a yarjejeniyar da bai iya karantawa ba, amanar ƙasa ce yake sakawa cikin haɗari.

Yadda za ka fara

Ka ware rabin awa kullum. Ka riƙa karanta rubutu a fannin da kake nazari, ka saurari labarai a rediyo, ku kuma kafa ƙungiyar hira da abokan karatunka sau ɗaya a mako. Kada kunyar kuskure ta hana ka magana. Abin da ka fahimta kuwa, ka bayyana wa mutanen garinku da Hausa, domin a nan ne ilimin zai yi musu amfani.