Gudun kada a riga ka: Yadda masu kallo ke tseren cim ma Labarina da Izzar So

Duk wanda sabuwar fitowar Labarina ta wuce shi, yakan ƙaurace wa Facebook da TikTok har sai ya kalla. Dalili kuwa, kafin gari ya waye an yanko wuraren da suka fi zafi an baza, muhawara ta kaure tsakanin masu goyon bayan wannan jarumi da masu jin haushin wancan. Da ka leƙa, an gama ba ka labari.

A shekarun farko na tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, iyali kan taru gaban talabijin don kallon Daɗin Kowa. In an ɗauke wuta, sai a tayar da janareta ko a jira maimaici. Lamarin ya sauya a 2020, lokacin kullen korona, da Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka ja mutane zuwa YouTube. Yanzu kowa na kallo a wayarsa, a lokacin da ya samu sarari.

Sai dai saukin bai zo kyauta ba. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Wanda fitowa uku ko huɗu suka wuce shi, kuma data ta gagare shi, yakan nufi shagon masu turi a zuba masa su a waya kan kuɗi kaɗan.

A nan masu shirya fim ke asara. YouTube na biyansu ne daga tallace-tallacen da ake sakawa a bidiyonsu, don haka kallon da aka yi ta hanyar turi ba ya kawo musu ko sisi, komai yawan hirar da za a yi a kansa.

Duk da haka, hirar na da nata amfanin. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, ce-ce-ku-cen da ya biyo baya ya sa har waɗanda ba sa bin shirin sun san da zamansa.

Ke nan surutun masu kallo talla ce, amma kallo a tashar masu fim shi ke biyan kuɗin fitowa ta gaba.